Alƙalin da Ya Soke Zaɓen Ɗansa

Ranar da Allah Ya karɓi ran Baba, mahaifin maigidana, na san cewa muna da jama'a a Dubai. Falat ɗinmu a Deira ɗaki biyu ne da falo. Kafin la'asar takalma sun cika bakin ƙofa, sun bi matakala sun gangara har hawa na ƙasa. Mai gadin ginin, wani Bangali da ba ya shiga harkar kowa, ya hauro yana tambayata ko wani minista ne ya rasu. Na ce masa tsohon alƙali ne. Ya ce, “Wannan mai sanda, da yake gaishe ni kullum?” Na ce shi. Sai ya cire hularsa ya koma ƙasa, ya buɗe wa mutane ɗakin ajiya don su sami wurin zama.

'Yan kasuwar Naif sun ja ƙofofin shagunansu da rana tsaka, abin da ba su saba yi ba. Hajiyoyin da suka zo sari daga Kano, waɗansu ma jirginsu washegari ne, suka bar ɗaurin kaya suka zo suka cika min ɗaki. Ma'aikata suka zo daga Al Quoz, unguwar masana'antu, da rigunan kamfani a jikinsu, ko wanka ba su tsaya yi ba. Shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa, wani mutumin Maraɗi, ya ƙi shiga falo, ya zauna a kan matakala ya haɗa kai da gwiwa. Da aka ce ya shigo sai ya ce, da ɗan Faransancinsu na can, “Bon, ku bar ni nan. Yanzu in mun tashi faɗa wa zai ce mana mu zauna?”

Waya kuwa ba ta huta ba. Ƙanwar maigidana ta kira daga Kano tana kuka, ta ce lallai a kawo gawa gida. Kawu, ƙanin Baba, ya karɓi wayar daga hannunta ya ce, “A rufe shi a can Dubai. Shi da bakinsa ya ce inda aka mutu nan ake kwanciya, kada a wahalar da gawarsa a jirgi.” Gwaggo kuma, babbar yayarsu da ta rage, da na gaishe ta sai ta ce, “Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai gaskiya, amma ya sha mana kai. Bikin 'ya'yana ko ɗaya bai zo ba, wai kada a ce ya ci abincin wanda wata rana zai tsaya a gabansa.” Ta faɗi haka tana kuka. Ban ga laifinta ba, don duk abin da ta faɗa haka yake.

'Ya'yana ba su san shi ba sai a matsayin tsoho mai ciwon ƙoda, wanda ake hana su taɓa masa hannun hagu, inda ake sa masa allurar wankin ƙoda. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da abin da na ji daga bakinsa, kafin mu ma mu fara mantawa.

Ni surukarsa ce. A Kano ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaishe shi, daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Da ciwo ya yi tsanani maigidana ya ɗauko shi ya kawo shi nan, sai ga ni ga shi a falat ɗin da ko tari ka yi kowa ya ji. Sati na farko ina ta ɓuya a kicin. Wata safiya ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Uwata, fito. Gidan nan ba shi da wurin da za a ajiye kunya. In kika ci gaba da haka yunwa za ta kashe mu duka.” Uwata yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsa gare ni, ba ya iya faɗa.

Maigidana yana harkar kago, daga safe yana sito wajen loda kwantena, don haka ni nake kai Baba wankin ƙoda. Ina rufe ɗan shagona na abaya da jakunkuna, mu hau tasi. Wankin yana ɗaukar sa'o'i, shi kuma ba ya son talabijin. A wannan zaman ne na ji tarihinsa, guntu-guntu, ba a jere ba.

Ya fara da majistare, daga baya aka naɗa shi alƙalin babbar kotun jiha. A lokacin alƙalai ba su da yawa, don haka zagaye suke yi: a zauna a wannan gari 'yan makonni a saurari shari'un da suka taru, a naɗe a wuce na gaba. Ya ce ya yi shari'a a ajin makarantar firamare, ya yi a ɗakin taron ƙaramar hukuma da awaki ke leƙowa ta taga. Duk inda za shi, da butarsa da tabarmarsa da garin kununsa da ƙullin kilishi. Ba ya cin abincin kowa a garin da yake da shari'a. In an aiko da kwano daga gidan hakimi, sai ya yi godiya, ya sa a kai wa waɗanda ke tsare.

Marigayiya Hajiya, matarsa, ta taɓa ba ni labarin ragon Sallah tun ina amarya. Wata shekara ana gobe jajibere aka wayi gari da wani ƙaton rago a ɗaure a ƙofar gidansu. Wani attajiri ne ya aiko, mai shari'ar fili a gaban Baba. Baba yana wajen zagaye. Kafin ya dawo yara sun saba da ragon, suna ba shi dusa, suna kiran abokai su zo kallo. Da ya dawo ya ji daga inda ya fito, bai ɗaga murya ba. Ya kira babban ɗansa, wato maigidana, ya ba shi igiyar ya ce ya mayar. Ba a mota ba, a ƙafa, ta tsakiyar unguwa. Hajiya ta ce yaron yana jan rago yana kuka, yara suna binsa suna dariya. Ta ce wa Baba, “Ai da direba ka aika.” Ya ce, “So nake a gani.” Da na tambayi maigidana wannan labarin, sai ya ce kada in sake tayar masa da shi.

Sau biyu aka zaɓe shi ya zauna a kotun sauraren ƙararrakin zaɓe. A karo na farko shi da abokan zamansa suka soke zaɓen wani ɗan majalisa na jam'iyya mai mulki. Ya ce hujjoji ne aka jibge musu har ba wurin kaucewa. Gari ya ɗauka, ana ta yabonsa, masu shayi suna ƙin karɓar komai daga hannun direbansa. Bayan 'yan watanni aka tura shi can wata shiyya mai nisa, inda ko wutar lantarki sai an yi sa'a. Waɗanda suka shigo aiki a bayansa suka wuce shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, shi yana nan. Wannan bai dame shi ba sosai, yana ba da labarin yana dariya.

Na biyun ne ba ya dariya a kansa. Wani ne ya ci zaɓe, kowa a yankin ya san ƙwace aka yi. Amma lauyoyin mai ƙara suka zo da surutu ba shaida. Waɗanda suka ga abin da idonsu suka ji tsoro suka ƙi zuwa. Kotu ta tabbatar wa mutumin kujerarsa, kuma Baba ne ya karanta hukuncin. Mutanen da suka yabe shi a da, su ne suka ce an saye shi. Aka yi masa rubutu da gawayi a bangon gida. A masallacin unguwa wani dattijo da suka taso tare ya fita daga sahu don kada kafaɗarsu ta haɗu.

Na ce, “Baba, to kai ka yarda an yi maguɗin?”

Ya dubi robar da jininsa ke bi ya ce, “Na sani, Uwata. Kamar yadda na san ke ce zaune a nan. Amma ba a kawo min ba. In na fara yanke hukunci da abin da na ji a gari, gobe wani alƙalin zai yanke da abin da aka raɗa masa a kunne, ya ce shi ma ya sani.” Sannan ya ce, “Amma mutanen nan sun yi shekaru ƙarƙashin wanda ba su zaɓa ba, kuma da muryata aka faɗa musu. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba.”

Da farko bai so Dubai ba. Yana cewa gari ne da ba a taka ƙasa, duk siminti da gilashi. Likita ya hana shi gishiri da yawan ruwa, ni ce mai tsaro, shi ya sa yake kirana sajan in ya ji haushi. Sannu a hankali ya gano wani ɗan shagon shayi kusa da masallaci a Naif, inda ake sayar da karak, wato shayin madara mai kauri da kayan ƙamshi. Bayan la'asar sai ya zauna a can, ya sa a zuba masa rabin kofi, ya roƙi mai shagon kada ya gaya min. Mai shagon kuma yana gaya min.

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka gane ko wane ne, suka fara kawo masa rigingimunsu. Ya ce musu shi ya yi ritaya, kuma ba shi da ikon komai a ƙasar mutane. Suka ce sun ji, su dai ya saurare su. Yana da wata hanya da ban taɓa ganin kowa da ita ba. Ba ya barin mutum ya fara da nasa ƙorafin. Sai ya ce, “Faɗa min abin da ɗan'uwanka yake cewa, kamar kai ne shi. In ya yarda ka faɗa daidai, sannan in ji naka.”

Na ga ya yi wa waɗansu Hajiyoyi biyu haka, aminan juna, da katan ɗin takalmansu ya cakuɗe a wajen kago har suka daina gaisawa. Ta farko ta fara, “Wai cewa take ni na ɗauke mata...” Baba ya ce, “Ban da wai. Ke ce ita yanzu.” Ta yi ƙoƙari, ta kasa, ta sake. Can tana tsakiyar bayani sai ta tsaya ta ce, “Af, to ai in haka ne ni ma da na yi zargi.” Ɗayar ta fashe da dariya. Baba ya ce, “Halas, ku tashi ku ba ni wuri, shayina ya huce.” Halas ɗin nan, wato an gama, ita ce kalmar Larabci ɗaya da ya ɗauka a wurin 'yan kasuwa, kuma yana jin daɗin faɗinta.

Akwai wani magidanci ɗan Damagaram da ke aiki a wata masana'anta a Dubai Investments Park. Kamfaninsu ya riƙe masa fasfo, ga mahaifiyarsa ba lafiya a gida. Ya kawo kukansa wurin Baba. Baba ya ce masa, “Ni ban san dokar ƙasar nan ba, kada in ruɗe ka. Amma na san yadda ake tsayawa a gaban hukuma.” Washegari, kwana ɗaya bayan wankin ƙoda, lokacin da ko tsayuwar salla da ƙyar yake yi, ya sa babbar riga ya raka mutumin ofishin da ake kai irin wannan ƙara. Ya koya masa ya faɗi abin da ya faru kawai, kada ya yi zagi, kada ya ƙara ko kalma. Ya zauna kusa da shi a layi har aka kira su. An ba mutumin fasfonsa, ya kuma tarar da mahaifiyarsa da rai. Baba kuwa ya kwana biyu bai tashi ba, ni kuma na sha faɗa wurin maigidana don na bar shi ya fita.

Sai maganar zaɓen ƙungiya, wadda saboda ita ne waɗansu har yau suke sunkuyar da kai in sun gan ni.

Ƙungiyarmu ba wata babba ba ce, amma ita ce gatanmu a nan. In an kwantar da wani a asibiti, in biza ta ƙare wa wani ya shiga matsala, in an yi rasuwa, ita ke tsayawa. Tun da aka kafa ta 'yan kasuwar Naif ke shugabanci. Da wa'adin shugaba ya ƙare, maigidana ya fito takara. Ya cancanta, ba don mijina ne ba. Ya yi wa mutane hidima da motarsa da lokacinsa. Sai ma'aikatan Al Quoz da na masana'antu suka ce su ma a wannan karon suna da ɗan takara, wato mutumin Maraɗin nan, wanda fomen ne a wani sito. Suka ce kullum su ne masu yawa, kullum kuma sai dai a gaya musu abin da aka yanke.

Aka ce Baba ya shugabanci kwamitin zaɓe. Ya ƙi. Ya ce ɗansa yana takara, ko a kotu in haka ta faru alƙali sauka yake yi. Mutumin Maraɗi ya zo har gida ya durƙusa ya ce, “Baba, in ba kai ba ne, mu ba za mu shiga ba. Kowa a Naif abokin ɗanka ne. Kai kaɗai ne muka san ba ka da aboki.” Baba ya yi dariya har da tari. Daga ƙarshe ya karɓa. Daga baya ya ce min kuskure ya yi, bai kamata ya bari a lallashe shi ba.

Aka sa ranar Lahadi, a wani zaure da aka kama a saman gidan abinci a Deira, za a rufe jefa ƙuri'a da la'asar. Ina wurin, don mu ma mata 'yan kasuwa muna da ƙuri'a. Tun azahar na lura ma'aikata ba su da yawa, na ɗauka aiki ne ya riƙe su. La'asar ta yi aka rufe, aka ƙirga a gaban kowa, maigidana ya yi nasara da rata mai yawa. Aka fara tafi, ana “Mabruk, habibi!”, ana rungumarsa. Ni ma na yi guɗa, ba zan ɓoye ba. Baba yana zaune a teburinsa bai riga ya sanar ba, yana jiran a yi shiru.

Sai muka ji hayaniya a matakala. Ma'aikata ne, mota guda, sun sha wanka sun sa kayan Juma'a, sun zo zaɓe. Aka ce musu ai an gama. Suka ce yaya za a gama, bayan an gaya musu an ɗaga lokaci zuwa bayan magariba? Mutanen Naif suka ce wannan matsalarsu ce, doka doka ce. Aka fara ture-ture a bakin ƙofa.

Baba ya buga sandarsa a tebur ya ce, “Kowa ya zauna.” Aka zauna, waɗansu a ƙasa. Ya ce, “Wa ya gaya muku an ɗaga?” Suka nuna wani aminin maigidana, wanda shi ne ke jagorantar neman ƙuri'arsa. Suka ce ranar Juma'a ya je masaukinsu bayan salla ya sanar. Baba ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya sa sauran suka fita waje don kada su ji bakin juna. Maganarsu ta zo ɗaya. Ya juya ga aminin maigidana ya ce, “Ka faɗa?” Ya fara kame-kame, wai wasa ne, wai ba su fahimce shi ba. Baba ya ce, “Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?” Ya ce ya faɗa.

Maigidana ɗan fari ne. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba. “Kai” yake ce masa, in da ni yake magana ya ce “mijinki”. A ranar, a gaban jama'a, ya kira shi da cikakken sunansa, kamar yadda ake kiran mai shari'a. Maigidana ya miƙe.

“Ka san da wannan sanarwar?”

“Baba, ba ni na sa shi ba.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka san da ita?”

Maigidana ya dubi ƙasa ya ce, “Na ji labari jiya.”

“Ka aika an gyara?”

“A'a.”

Baba ya juya ga jama'a. Sannan ya ce, “An hana mutane ƙuri'arsu da ƙarya, kuma an kawo shaida a gabana. Wannan zaɓen bai yi ba. A sake ranar Lahadi mai zuwa.” Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Haba Baba, ɗanka ne fa!” Ya ce, “Na fi ka sani.”

Aka sake zaɓe, ma'aikata suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu, mutumin Maraɗi ya ci. Baba ne ya sanar, da murya ɗaya da wadda ya soke na farko.

Gidanmu ya yi sanyi. Maigidana ba ya fasa gaishe da mahaifinsa safe da yamma, amma daga gaisuwa ba ƙari. Ya koma cin abinci a sito. A Naif waɗansu suna yi masa dariya, waɗansu suna yi masa jaje, kuma jajen ya fi yi masa ciwo. Ni ma na ji haushi. A cikin tasi na kasa daurewa na ce, “Baba, da ka kira shi gefe. Da ka bar wani ya yi masa tambayar.” Ya ce, “Da na kira shi gefe, me mutanen da ke zaune a ƙasa za su ce an yi a gefen?” Duk da haka ban huce ba.

Ranar da abin ya fashe, bayan sallar asuba ne, ina haɗa wa yara abin karyawa. Baba ya ce masa, “Kai, zauna mu yi magana.” Maigidana ya zauna, sai kawai na ji muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Baba, tun ina yaro ni nake ɗaukar nauyin gaskiyarka. Kai ake yabo, mu ake nunawa da baki. Ba mu je bikin kowa ba, ba mu da abokai, an tura ka daji mun bi ka. Ban taɓa neman komai a wurinka ba. Rana ɗaya, rana ɗaya tak da zan ɗaga kai a cikin mutane, ka kira sunana kamar ɓarawo.”

Na tsaya da ludayi a hannu. Baba ya bar shi har ya yi shiru, sannan ya ce, “Ka gama?” Ya ce ya gama. Baba ya ce, “Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Na ɗora muku abin da ba ku kuka zaɓa ba, ban kuma taɓa tambayarku ko kuna iyawa ba. Wannan laifina ne, ka yafe min. Amma zaɓen nan, ko yau aka sake kawo min, haka zan yi.” Maigidana ya tashi ya fita bai karya ba.

Haka aka yi watanni. Abin da ya sauya shi ne jikin Baba. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Wata ranar wanki lif ɗin gininmu ya lalace, ga shi ba ya iya taka matakala. Na kira maigidana a waya, ban yi zaton zai baro lodi ba. Sai ga shi. Ya durƙusa a gaban kujera ya juya baya. Baba ya ce, “A'a, a nemo wani.” Ya ce, “Yalla Baba, hau, za mu makara.” Ya goya shi. Ina biye da su da jaka da sanda. A tsakiyar matakala na ji Baba yana magana a hankali kusa da kunnensa.

“Zaɓe na biyun nan, ba ni da ƙuri'a. Amma sati guda na yi ina roƙon Allah Ya ba ka.”

Maigidana ya tsaya cak a kan matakala. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Can ya ce, “Ka riƙe ni da kyau, Baba,” ya ci gaba da sauka. Daga ranar shi yake kai shi asibiti, ni na koma shago. Ban san abin da suke tattaunawa a sa'o'in nan ba, ban kuma tambaya ba. Na dai san maigidana ya koma zuwa taron ƙungiya, yana zama a sahun baya, in an nemi mota ya ba da tasa.

Kwanciyarsa ta ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Ana gobe zai rasu, da hantsi, muna zaune ni da maigidana a bakin gadonsa, wani malami daga cikin 'yan kasuwa ya zo duba shi. Da zai tafi ya ɗaga hannu yana addu'a, a ciki ya ce, “Allah, bawanKa ya yi wa mutane adalci, Ka yi masa adalci.” Baba, wanda muka ɗauka barci yake, ya buɗe ido ya ɗaga yatsa.

“Malam, janye wannan.”

Malamin ya rikice ya ce, “Wanne, Baba?”

“Na yi shekaru a kan kujerar nan, na san abin da ake nufi da adalci. Akwai waɗanda na ɗaure da ban tabbata ba har yau. Akwai waɗanda na saka da bai kamata ba. In aka yi min adalci na shiga uku.” Ya numfasa, ya dube mu. “Ku roƙa min rahama. Ita kaɗai.”

Washegari ya cika, kansa a kan hannun ɗansa, da kalmar shahada a bakinsa.

To, Baba, mun ji, kuma abin da ka ce shi muke yi. Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gabanKa, ba riga ba kujera. Kada Ka tsananta masa bincike. Ka lulluɓe shi da rahamarKa, shi da Hajiya da dukkan iyayenmu, Ka sa mu ma in tamu ta zo mu samu irin abin da ya roƙa.